Gyaran Tsohuwar Tarakta Mai Kwashe Dusar Ƙanƙara: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A arewacin Amurka da mafi yawan ƙasar Kanada, duk wanda ya sayi gida to ya saya har da aikin kwashe dusar ƙanƙara. Hukuma tana da manyan motocin da ke share tituna, amma daga bakin titi zuwa ƙofar gareji, wannan na mai gida ne, haka ma hanyar masu tafiya da ƙafa da ta ratsa ta gaban gidan. A birnin Minneapolis na jihar Minnesota, doka ta ba mai gida awa 24 bayan dusar ta ɗauke ya share gaban gidansa. In ya yi biris, hukuma ta turo a share, sannan ta aiko masa da takardar biyan kuɗi.

Wanda bai taɓa sa shebur ya ɗaga dusar ƙanƙara ba zai ɗauka ba ta da nauyi, tunda a hoto fara ce sol, ga laushi. Busasshiya, wadda ke sauka cikin tsananin sanyi, lalle ba ta da nauyi sosai. Amma jiƙaƙƙiya, wadda ke zuba lokacin da sanyin ya ɗan sassauta, takan kai kilo 200 ko fiye a kowane curi mai mita 1 tsawo da faɗi da zurfi. Ku yi lissafi da kanku. Hanyar mota mai tsawon mita 30 da faɗin mita 4, in irin wannan dusar ta kwanta a kanta zurfin santimita 30, abin da ke jiran mai gida da asuba ya haura tan 7. Likitocin can sun daɗe suna gargaɗin cewa kwasar irin wannan nauyi da hannu cikin sanyi tana jawo bugun zuciya, musamman ga wanda shekaru suka ja.

Akwai kuma wuraren da abin ya wuce misali. Birnin Buffalo na jihar New York yana bakin Tafkin Erie ta gabas. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman tafkin tun ruwansa bai daskare ba, sai ta ɗebi danshi ta zo ta juye shi a kan garuruwan gaɓa. Buffalo kan sami fiye da mita 2 na dusar ƙanƙara a shekara. A Nuwamban 2014 wasu yankuna da ke kudu da birnin sun sami kusan mita 2 cikin 'yan kwanaki, kuma guguwar ƙarshen Disamban 2022 ta kashe mutum fiye da 40 a yankin.

A irin waɗannan wurare, musamman bayan gari inda gidaje ke da doguwar hanya, ƙaramar taraktar da ake yankan ciyawa da ita lokacin zafi ita ake juyawa ta koma ta kwashe dusa da hunturu. A kwance akwatin wuƙaƙen yankan ciyawa daga ƙarƙashinta, a ɗaura mata injin watsa dusar a goshi. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa mutane da dama tsohuwa suke saye su tayar da ita. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai su can, in zama ya yi zama har sun mallaki gida, suna iya tarar da irinta a gareji, ko maƙwabci ya yi musu tayin tasa da araha. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fenti, alhali fenti ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Daga ina injin ya fito

Mutumin da ake jingina wa ƙirƙirar injin shi ne Arthur Sicard, ɗan wani ƙauye kusa da Montreal a Kanada. Madara yake kaiwa kasuwa, dusar ƙanƙara tana toshe masa hanya, sai ya lura da yadda injin sussukar hatsi ke haɗiyar dami ya feso ƙaiƙayi ta bututu. Ya kammala nasa injin a 1925, a kan babbar mota, kuma a 1927 ya sayar da na farko ga hukumar garin Outremont. Na gida, wanda mutum ke turawa yana bin sa a baya, sai a farkon shekarun 1950 kamfanin Toro na Minnesota ya fito da shi, Ariens na Wisconsin ya biyo baya a 1960.

A daidai wannan zamani ƙananan taraktocin gida suka yi kasuwa. Wheel Horse a jihar Indiana, Cub Cadet na kamfanin International Harvester a farkon shekarun 1960, sai John Deere da ya fito da samfurin 110 a 1963 daga masana'antarsa ta Horicon a Wisconsin, da injin Kohler mai ƙarfin doki 7. Har yau waɗannan tsofaffin ake farauta, domin an yi su da ƙarfe mai kauri, kuma kusan kome nasu ana iya kwancewa da sifana a mayar. Injinsu mai shan fetur ne, iska ke sanyaya shi, dangin na janareto da na ban-ruwa, don haka bakaniken da ya saba da waɗannan ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba.

Shi kansa injin kwashe dusar, na waɗannan tsofaffin taraktocin, iri biyu ne. Akwai mai mataki ɗaya: murɗaɗɗen ƙarfe guda ne kwance a bakin akwatin, yana juyawa da gudu, ya tattaro dusar zuwa tsakiya, ya cilla ta sama ta cikin bututu. Akwai mai mataki biyu: murɗaɗɗen ƙarfen yana juyawa a hankali, aikinsa kawai ya farfasa ya tura ciki, sai wata fanka ta ƙarfe da ke bayansa ta karɓa ta watsa. Mai mataki ɗaya ba shi da kayan ciki da yawa, gyaransa ya fi sauƙi, amma yana so a cika masa baki kafin ya yi jifa mai nisa, kuma jiƙaƙƙiyar dusa tana shaƙe shi. Mai mataki biyu ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi jure wuya. Mai zaune a yanki irin na Buffalo, shi ya kamata ya nema.

Kafin a kama sifana

Tambaya ta farko ba ta shafi tsatsa ba. Shin taraktar ta aikin ƙarfi ce, ko ta yankan ciyawa kawai? A ido kamanninsu ɗaya, bambancin yana ƙarƙashi. Ta aikin ƙarfi tana da giyabos mai nauyi, da firam mai kauri, da manyan tayoyin baya da ake ɗaure su da ƙusoshi da yawa irin na mota. Ta yankan ciyawa an yi mata giya marar ƙarfi don fili mai laushi, in aka ɗora mata nauyi aka sa mata sarƙa aka ce ta ture tudun ƙanƙara, ba za ta daɗe ba.

Tambaya ta biyu: injin kwashe dusar na wannan taraktar ne? Kowane kamfani da yadda yake ɗaura nasa, har samfuri da samfuri na kamfani ɗaya sukan bambanta. Wasu da bel suke karɓar juyi daga injin, wasu da sandar ƙarfe. Abin da ya fi ɓata wa masu saye rai shi ne ƙananan ƙarafan ɗauri, da hannun ɗagawa, da fuli-fulin da bel ke bi. Mai sayarwa ya kawo babban akwatin ya manta waɗannan a wani lungu, kuma samunsu daga baya yakan fi akwatin kansa wuya. A nemi lambar samfuri a jikin ƙaramin allon da ke manne da injin, a nemo littafin kamfani, a lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya tun kuɗi bai bar hannu ba.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a haƙura. In tsatsa ta cinye gefen akwatin inda boris ke zaune, ko giyabos ɗin murɗaɗɗen ƙarfen ya tsage kuma an daina yin irinsa, a bar shi. Haka mai ɗan gajeren fili a cikin gari: ƙaramin inji na turawa ya ishe shi, tarakta sai ta zame masa kaya.

Inji da sanyi

Injin da ke tashi bugu ɗaya a watan Yuli yana iya ƙin ko tari a watan Janairu. Abu uku ne sukan haɗu su hana shi: tsohon fetur, baƙin mai mai kauri, da batir marar ƙarfi.

Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka an gauraya shi da sinadarin itanol kashi 10 cikin 100. Itanol yana jan danshi daga iska, kuma fetur ɗin da ya kwana wata da watanni a tanki yakan bar wani danƙo da ke toshe 'yan ƙananan ramukan kafireto. Tsohuwar taraktar da ta shekara a ajiye, ba sai an yi dogon bincike ba: a juye tankin, a wanke kafireto, a canza tiyon mai da matatarsa, a sa sabon fulogi. Tsohon tiyo yakan ruɓe ta ciki, ya riƙa aika ɓarɓashi cikin kafireton da aka gama wankewa. Fetur ɗin hunturu kuma a sayo shi da hunturu, domin wanda ake sayarwa lokacin sanyi an haɗa shi yadda zai fi saurin kamawa, a kuma zuba masa maganin hana lalacewa da ake sayarwa a kwalba.

Baƙin mai lamba 30 da ake zubawa lokacin zafi, in sanyi ya sauka ƙasa da sifili sai ya yi kauri har sitata ta kasa juya injin da sauri. A canza shi da marar kauri irin 5W-30, ko abin da littafin injin ya ce. Batir kuwa, ƙarfin tayar da inji da ake rubutawa a jikinsa a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas ake auna shi, don a nan ake gane batir na gaske. Wanda ya cika da caji yana jure sanyi mai tsanani, amma wanda ya sauka, ruwansa na iya daskarewa ya fasa kwanon. A kankare kawunansa, a ɗaure tam, in akwai wuta a gareji a bar shi jone da ƙaramar caja mai kashe kanta.

Wani abu da ba kowa ke tunawa ba shi ne matatar iska. Ta takarda ce, garin dusar da iska ke dawowa da shi yakan jiƙa ta, ta daskare, injin ya shaƙe a tsakiyar aiki. A riƙa duba ta, a ajiye wata a gefe.

Ƙusar da aka yi don ta karye

A nan ne zuciyar gyaran take. A injin mai mataki biyu, murɗaɗɗen ƙarfen ba walda aka yi masa a jikin sandar da ke juya shi ba. Sanye yake a kanta, abin da ke riƙe su tare 'yar ƙusa ce mai noti da ta ratsa su biyun. Da gangan aka yi ƙusar da ƙarfe mai rauni. A ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba abin da ba ya ɓuya: dutse, guntun katako, tabarmar bakin ƙofa, wayar fitilun ado, sarƙar kare, jaridar da aka jefo ta daskare ta zama curi. Idan murɗaɗɗen ƙarfen ya cafki ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya cik alhali injin yana kan gudu, dole wani abu ya karye. An tsara ƙusar ce ta karye, don giyabos ya tsira. A cikin giyabos ɗin akwai haƙorin tagulla da ya fi ƙusar tsada nesa ba kusa ba, a tsofaffin injuna ma wani lokaci ba a samunsa.

Mutum ya gaji da karyewar ƙusa sau biyu a safiya ɗaya, sai ya ɗauko ƙaƙƙarfar ƙusa daga akwatin kayan aiki ya zura, ya ce ya huta. Daidai yake da mai cire fis ɗin wutar gida ya naɗa waya mai kauri a gurbinsa: fis ya daina ƙonewa, saura gidan. A sayi ƙusoshin da kamfanin ya yi wa wannan samfuri, a ajiye huɗu ko shida a jikin taraktar tare da sifanu biyu da suka dace da su, domin canza ta a cikin sanyi da daskararrun yatsu ba lokacin neman sifana ba ne.

Sai dai a tsohon inji akwai matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Shekara da shekaru ruwa da gishirin titi suna shiga tsakanin murɗaɗɗen ƙarfen da sandarsa, tsatsa ta haɗe su su zama abu ɗaya. Daga nan ƙusar ta zama ado, ko an sa sabuwa ba za ta karye ba, duk bugun giyabos zai sha. Gwajin ba shi da wuya. A cire ƙusar, a kama murɗaɗɗen ƙarfen da hannu a juya, injin a kashe. In ya juya shi kaɗai a kan sandar, alhamdu lillahi. In ya ƙi, to aiki ya samu: a yi ta zuba man sassauta tsatsa kwana da kwanaki, a gasa da wuta, a bubbuga a hankali da katako a tsakani, har ya saki. Wani sai an kai shi wurin masu injin matsa ƙarfe. In ya fito, a goge sandar da samfefa, a shafe ta da giris sosai kafin a mayar, kuma a mayar da wannan al'adar kowace shekara. A ganina, a duk gyaran babu aikin da ya kai wannan muhimmanci, ga shi kuma ba wanda zai gani ya yaba.

Tunda an riga an kwance, a duba boris na gefe biyu da na bayan fankar. A girgiza sandar, in tana wasa ko tana gurnani, a canza. A duba man giyabos, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga. A mai mataki ɗaya sau da yawa sarƙa ce ke juya ƙarfen, a wanke ta, a sa mata mai, a daidaita ɗaurinta, a duba haƙoran da take bi ko sun cinye.

Bel shi ma cikin masu sadaukar da kai yake, gara ya zame ko ya tsinke da inji ya lalace. Wanda ya tsattsage ko ya yi sheƙi a gefe ya gama aiki. A sa na ainihi mai daidai tsawo da faɗi, domin bel ɗin mota da ya yi kama da shi ba ya jure irin lanƙwasa da fizgar da wannan ke sha. A ajiye guda a rataye.

In injin yana juyawa lafiya amma dusar a gabansa take zubewa, ba ta nisa, a duba tazarar da ke tsakanin fukafukan fankar da bangon da take juyawa a ciki. In ta yi faɗi, jiƙaƙƙiyar dusa takan zame ta baya. Masu gyara sukan yanka roba mai kauri su ɗaure a bakin kowane fiffike don ta rufe tazarar. Dabara ce mai aiki, da sharaɗin robobin su zama nauyi ɗaya, in ba haka ba fankar ta riƙa rawa ta cinye boris.

A ƙasan akwatin akwai doguwar wuƙar da ke kankare ƙasa, da takalman ƙarfe biyu a gefe da ke riƙe tsayinsa. Dukansu an yi su ne don su cinye a canza. Wanda ya bari suka ƙare, jikin akwatin ne zai fara cin ƙasa. A kan siminti ko kwalta, a bar wuƙar ta ɗaga milimita 3 zuwa 6. A kan tsakuwa a ɗaga ta kamar santimita 3, in ba haka ba injin zai riƙa harbin duwatsu, kuma tagar maƙwabci ba ta da nisa. Hanya mai sauƙi: a fara daidaita iskar tayoyi, a tsaya a wuri mai shafe, a sa kwali ko siririn katako ƙarƙashin wuƙar, a sauke takalman su taɓa ƙasa, a ɗaure.

Yanzu fenti ya iso. A kankare tsatsa da burushin waya, a sa fentin farko mai hana tsatsa, a bi da mai sheƙi. Amfaninsa na gaske a cikin bututu da cikin akwatin yake, domin dusa tana manne wa ƙarfe mai kaushi, tana zamewa a kan mai santsi. Fentin tsofaffin injuna yana iya ƙunsar dalma, don haka a sa takunkumi na ƙwarai, a yi aikin a waje, nesa da yara.

Nauyi da sarƙa

Mutane sukan tambayi ƙarfin doki nawa taraktar ke da shi, alhali abin da ke tsayar da ita a kan ƙanƙara santsi ne. Injin kwashe dusar mai faɗin mita 1 da ɗoriya yana iya kusantar kilo 100, kuma a can gaba yake rataye. Da an ɗaga shi, nauyi ya bar tayoyin baya, waɗanda su ne masu turawa, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tayoyin yankan ciyawa kuma dama an yi su ne don kada su kama ƙasa su ɓata fili.

Maganin a baya yake. Ana ɗaura faifan ƙarfe a jikin kowane wili, ana rataya wasu ƙarafan a bayan taraktar ko a sa akwati a cika shi da yashi. Wasu sukan cika tayoyin da ruwan da ba ya daskarewa. Ruwan famfo ba ya yi, zai daskare. Ruwan gishirin kalsiyam da manoma suka daɗe suna amfani da shi yana da nauyi amma yana cin wili, shi ya sa yanzu wasu suka koma ruwan da ake samu daga gwozar sukari, ko ruwan wanke gilashin mota na hunturu. Nauyin da ke jikin taya ya fi wanda aka rataya alheri ga giyabos, domin ƙasa ce ke ɗauke da shi, ba sandar taya ba.

Sannan sarƙa. Wadda zobbanta na gicciye suke kusa da juna ta fi kamu, ta fi daɗin tafiya. Yadda ake sa ta ta zauna daram shi ne a rage iskar taya, a ɗaura sarƙar a ja ta iya ja, sannan a mayar da iskar. A tabbata ba ta taɓa fenda ko sandar birki. Sarƙa tana karce siminti da kwalta in taya ta yi juyin banza, wanda ke jin hanyar gidansa sai ya nemi irin ta roba, ko da yake a kan daskararriyar ƙanƙara ba ta kai ta ƙarfe ba.

A ƙarshen Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma a waɗannan garuruwa, kuma yawancin aikin da asuba ake yinsa ko bayan an taso aiki. Fitila dole ce, har da ta baya don masu wucewa su gani. Kwayil ɗin tsofaffin injuna wutarsa kaɗan ce, don haka fitilun LED sun fi dacewa. Rumfar tamfol mai tagar roba ba ta ɗumama kowa, amma tana tare garin dusar da iska ke watso wa fuska, wanda shi ne ainihin azabar aikin.

Ranar aiki

Duk wannan a gama shi a Oktoba, a tayar da injin a gwada, a ɗaga a sauke, a juya bututu dama da hagu, tun hannu yana iya riƙe sifana ba safa. A zagaya a kwashe duk abin da ke kan hanya, a kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefenta, domin in dusa ta rufe ba a gane inda hanya ta ƙare lambu ya fara.

In an fito aiki, a buɗe totur gaba ɗaya, amma tafiya a hankali. Waɗannan injuna an yi su ne su yi aiki a wajen juyi 3,600 a minti, fankar tana buƙatar wannan gudun. In aka ji injin ya fara nishi, a rage tafiya ko a ɗauki rabin faɗi. A nan taraktar da giyarta ta mai ce, wadda ake ƙara gudu ko ragewa da feda ko hannu guda ba tare da canza giya ba, ta fi daɗin aiki. A bi iska, kada a yi jifa ana fuskantarta. Kada a watsa dusar kan titi, garuruwa da yawa sun hana. Tudun da motar hukuma ke bari a bakin hanya shi ya fi kowane nauyi, ga gishiri, a fara da shi, sai dusar mai tsabta da za a bi daga baya ta wanke cikin injin. In an gama, a bar shi ya yi juyi minti ɗaya ko biyu ya zubar da abin da ya rage, a share da tsintsiya. In ba haka ba fankar ta daskare cikin dare, gobe a kunna, bel ya ƙone.

Kada a bar injin yana aiki a cikin gareji, ko da ƙofa a buɗe rabi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da launi, wadda ke kashe mutum yana ganin gyangyaɗi ne kawai. A tayar, a fita da shi waje ya yi ɗumi. Makunnin da ke ƙarƙashin kujera, mai kashe inji in direba ya tashi, tsofaffin masu tarakta da dama sun tsinke shi don yana damunsu. In an sayi wadda aka yi wa haka, a mayar da shi. Rawani, gyale, ko bakin babbar riga, kada ɗayansu ya yi reto kusa da abin da ke juyawa.

Abu na ƙarshe shi ne toshewar bututu, kuma shi ne ke kai dubban mutane asibiti a Amurka kowane hunturu, da dama su bar yatsunsu a can. Jiƙaƙƙiyar dusa ta cushe bututun, mutum ya zura hannu ya ture ta. Ko an kashe injin, fankar da ta maƙale tana iya riƙe da sauran ƙarfi a jikin bel, da zarar cushewar ta saki sai ta yi ɗan juyi, kuma ɗan juyin nan ya isa. A tsayar da kome, a kashe inji, a zare makulli, a jira sai ya yi shiru, sannan a zungura da sanda. Ku ɗaure sandar a jikin taraktar tun yanzu, ku kuma gaya wa duk wanda zai hau ta a gidanku cewa hannu ba ya shiga bututun nan ko da wane dalili.